Belmiro da Gangar da Ba a Taɓa Ɗiba Ba

Da asuba, gari bai gama wayewa ba, Belmiro yana durƙushe a bakin famfon ƙauyen Seixal yana ɗauraye tulunan gilashi. Tun jiya ya wanke su a birnin Funchal kafin mu taso, amma bai yarda da wankin jiya ba. Sai ya zuba ruwa, ya girgiza, ya zubar, ya kafa hanci a bakin tulun ya shaƙa. In ya ji wani abu, ko da warin kwandon da aka saƙa wa tulun ne, sai ya sake daga fari. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe da daina lanƙwasuwa, don haka ya miƙe ta gefe guda kamar ƙafar wani ce aka ba shi ajiya.

Ni nake tuƙa masa mota, tare muka tsufa a kan hanyoyin tsibirin Madeira. Ban taɓa ganin yana gaggawa ba sai ran nan.

Da dako ya fara. Yana saurayi yana cikin masu sauko da sabuwar giyar inabi daga duwatsu a cikin salkar fatar akuya, a kafaɗa, igiya ɗaure a goshi. A nan gwiwar ta fara lalacewa. Daga baya wani gidan giya a Funchal ya lura hancinsa ya fi bayansa amfani, sai suka mai da shi mai yawon nema. Ya shiga ƙauye, ya hau ɗakin da ke ƙarƙashin rufin mutane, ya duba gangar da kakanninsu suka bari. Irin giyar nan ce da ake zuba wa barasar rake tun tana sabuwa don ta tsaya da ƙafarta, a bar ta cikin zafin rufi tana dahuwa a hankali, mutane suna haihuwa suna mutuwa a ƙarƙashinta. Belmiro ya shinshina, ya ɗanɗana, ya ce a saya ko a bari. Masu tara tsofaffin kwalabe daga ƙasashen waje abu guda suke tambaya: ta wace shekara ce, kuma an taɓa haɗa ta da wata? In Belmiro ya ce ba a taɓa ba, maganar ta ƙare, sai ciniki.

Ba shi da farin jini, kuma bai nema ba. Ya taɓa gaya wa wani attajiri a gaban surukansa cewa gangar da yake taƙama da ita ta zama ruwan tsami, ya zuba wa kifi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ɗabi'ar mutanen ƙauye ta ciyar da ganga. Zafi yana shan giyar kowace shekara, ganga ta ragu, maigida ya ga abin kunya ne a ce gangarsa da yunwa, sai ya cika ta da sabuwa. Giyar ta yi daɗi a baki, amma shekararta ta ɓace, ba mai iya cewa ta yaushe ce. Belmiro ya zagi mutane da yawa a kan wannan. Shi kansa bai taɓa zuba wata giya a kan wata ba, kuma duk arewacin tsibirin an san haka. Matarsa kafin ta rasu takan ce ko madara zai zuba a kofi sai ya tambayi shekararta.

Akwai ganga guda da ta tsaya masa a rai tun yana da ƙuruciya, ta gidan abokinsa Aníbal, can saman Seixal. Mahaifin Aníbal ya cika ta a shekarar da aka haifi Aníbal, 1912, ya buga matoshi, ya ce ta yaron ce. A gidan kuwa akwai doka tun ta kakanni: duk wanda ya ɗibi giya daga ganga, shi da hannunsa zai mayar da sabuwa daidai abin da ya ɗiba. Sauran gangunan gidan haka ake yi da su. Wannan ɗin ce kawai ba wanda ya taɓa ɗiba, saboda haka ba wanda ya taɓa zubawa. Aníbal ya ce sai ranar aurensa, ranar ta zo ya ce sai an yi haihuwa, aka yi haihuwa ya ce sai yaron ya girma. Gaskiyar magana, daɗin mallakarta yake ji fiye da daɗin shanta.

Duk kaka Belmiro yakan hau gidan. Aníbal ya cire masa matoshi, ya shaƙa, ya mayar.

"Ɗibi mana ka ɗanɗana," in ji Aníbal, yana dariya. "Ga buta nan cike da ta bana. Ɗan kofi ka ɗiba, ɗan kofi ka mayar. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"To ci gaba da shinshina kamar karen mahauci."

Haka suka yi ta yi har gashinsu ya yi fari. Belmiro, wanda ya ɗanɗana kusan kowace tsohuwar ganga a tsibirin, bai taɓa sa wannan a harshensa ba.

Aníbal ya rasu bara waccan. Ɗansa Custódio, wanda ya tafi Venezuela tun yana matashi ya buɗe gidan burodi a can, bai samu zuwa jana'iza ba, sai bana. Ranar Juma'a matar marigayin, Dona Deolinda, ta sauko kantin ƙauye ta buga wa Belmiro waya. Ta ce yaron ya hau sama ya ga gangar ubansa ta ragu ƙasa da rabi, ya yi kuka, ya ce ranar Lahadi bayan coci zai cika ta da sabuwa a buɗe ta a sha, a yi wa ubansa bikin da bai samu yi masa ba. Ta ce in yana so ya yi wa gangar shaƙar ban kwana, ya zo da wuri.

Abin da ya kawo mu ke nan da tuluna.

Mota ba ta kaiwa gidan. Matakalar dutse ce ta ratsa gonakin inabi da aka jera hawa-hawa, teku tana baya tana bugun duwatsu. Belmiro ya goya tulu biyu, tiyo naɗe a wuyansa, ya hau yana jefa ƙafar hagu gefe a kowane taki. Ni na bi bayansa da sauran tulu biyun. Bai tsaya hutawa ba. Da muka kai, hayaƙi yana tashi daga kicin, Dona Deolinda tana gasa gurasar dankali a kan dutse, baƙin ɗankwali a kanta.

"Belmiro, shaƙa na ce ka zo ka yi," ta ce, tana kallon kayan da ke bayansa. "Waɗannan fa? Hancinka ne ya ƙaru?"

"Ina kwana, Dona Deolinda. Ina yaron?"

"Yaro? Je ka ga tumbinsa ka sake cewa yaro."

Custódio yana bayan gida yana soke manyan yankan naman sa a sanduna, yana barbaɗa musu gishiri da tafarnuwa. Ƙaton mutum ne, da sarƙar zinariya a wuya, da farar riga mai zanen tsuntsaye. Da ya ga Belmiro sai ya yar da wuƙa ya rungume shi har ƙafarsa ta bar ƙasa. Belmiro ne ya riƙe shi a coci ranar da aka yi masa baftisma, don haka Padrinho yake ce masa, wato uban baftisma.

"Padrinho! Kana nan da ranka? An ce mini ka bushe, ashe gaskiya ne. Kamar kifin da aka manta a rana."

"Kai kuma an ce burodi kake sayarwa. Na ga alama kai kake cinye shi. Sauke ni."

"Yau za ka sha abin da Baba ya hana ka."

"Ba zan sha ba. Kai ma ba za ka zuba komai a gangar nan ba."

Murmushin Custódio ya ragu, amma bai ɓace ba. "To, mu hau mu gani."

Suka hau tsani. Ɗakin sama ko da safe ɗumi gare shi, yana warin tsohon katako da busasshen ɓaure. Gangar tana kwance a kan gungume biyu, ta yi baƙi, ƙarafunan da suka ɗaure ta sun yi tsatsa. Belmiro ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa tun daga sama yana gangarowa. Ta yi ta amsawa da ƙarar wofi, sai can ƙasa sautin ya yi nauyi.

"Ka ji?" in ji Custódio. "Gangar ubana ke nan. Kamar cikin maraya. Maƙwabta su hau su ga haka, su ce ɗansa yana can yana tara kuɗi ya bar ta da yunwa."

"Ba yunwa take ji ba. Tsufa ta yi. Abin da ya rage a ciki ya fi abin da ya tafi."

"Padrinho, ni ba ɗan Ingila ba ne, kada ka yi mini wa'azin masu saye."

"To ji magana a fili. A duk arewacin nan ba na tsammanin akwai sauran ganga ta shekarar nan da ba a taɓa ba. Ka zuba buta ɗaya, ta zama giyar gida kamar ta kowa. Ba mai iya raba su kuma, ko kai, ko ni, ko limamin coci."

"Giyar gida ce mana! Ta wane gida kake so ta zama? So kake a ɗura ta a kwalabe wani mai kuɗi a Ingila ya jera a kabad yana nuna wa baƙi? Mutumin da bai san sunan ubana ba?"

"Ban damu da wanda zai jera ta ba. Kada ku sayar in ba ku so. A juye ta a gilashi, a rufe, ta tsaya yadda take. Ko jikokinka su sha, su san abin da kakan kakansu ya yi da hannunsa."

"Jikokina su sha daga ganga, kamar yadda ake yi a gidan nan. Ganga in ana ciyar da ita ba ta ƙarewa. Taka ta gilashi ran da aka shanye shi ke nan."

Belmiro ya san gaskiya ce. Ya tsaya yana kallon gangar, yana murza gwiwa.

"Mama!" Custódio ya leƙa ta bakin tsani. "Zo ki ji Padrinho zai kwashe gangar Baba."

Dona Deolinda ta zo gindin tsani, hannunta duk gari. Ba ta hau ba, ta ce ƙafafunta sun gama da tsanin nan tun da daɗewa.

"Na ji ku tun daga kicin, ai duk ƙauyen ma sun ji. Custódio, ganga ta ubanka ce, yau za a cika ta, na yarda. Belmiro, kai ma ka yi wa gangar nan zarya fiye da yadda Aníbal ya yi mini lokacin da yake nemana. Ɗebi rabin abin da ke ciki."

"Rabi ya yi kaɗan."

"Rabi. A bar wa sabuwar abin da za ta kama."

"Kashi biyu cikin uku."

"Kasuwa ka zo? Rabi na ce. Kuma ka san dokar gidan nan."

Custódio ya dubi Belmiro, sannan ya fashe da dariya har yana dafa ganga.

"Af! Na manta! Wanda ya ɗiba shi zai mayar. Padrinho, kai da hannunka! Wayyo, ina ma Baba yana nan."

"Dona Deolinda," in ji Belmiro, "bari shi ya zuba. Ai dama niyyarsa ke nan."

"Shi zai cika abin da zafi ya sha. Abin da ka ɗiba kuwa naka ne. Surukina ya bi dokar nan, mijina ya bi ta, ba a kaina za a karya ta ba. In ba za ka iya ba, yi shaƙarka ka sauko ka ci gurasa."

Ta koma kicin.

Belmiro ya zauna a kan wani tsohon akwati. Ya san abin da ke gabansa sarai. In ya ƙi, kafin azahar gangar duka ta tafi. In ya yarda, rabi ya tsira, amma ɗaya rabin shi ne zai fara lalata shi, a gaban mutanen da ya yi shekaru yana zagi a kan haka. Kuma labari zai riga shi isa Funchal. Masu saye sun yarda da bakinsa ne don sun san hannunsa bai taɓa haɗa komai ba. Daga yau duk wanda ke jin haushinsa ya sami abin faɗa.

Bai daɗe a zaune ba. Ya warware tiyo daga wuyansa.

"Custódio, sauka ka kira mini maƙwabta. Duk wanda ka samu."

"Kai da kanka kake gayyatar masu yi maka dariya?"

"Su yi dariyarsu. Ina so su ga abin da aka fara yi da abin da aka yi daga baya."

Kafin a kaɗa ƙararrawar coci mutane sun cika tsakar gida, waɗanda suka iya hawa sun hau sun tsugunna a ƙarƙashin rufi da kayansu na Lahadi. Cikinsu har da Gualdino, wani tsohon manomi wanda Belmiro ya taɓa ce wa ya kashe gangar kakansa da hannunsa. Gualdino ya nemi wuri a gaba ya zauna, ya ɗora hula a gwiwa.

Belmiro ya girgiza matoshin a hankali har ya fita. Ya ɗaure tiyo a jikin siririyar sanda don kada bakinsa ya taɓa lakar da ta kwanta a gindi, ya zura. Sannan ya durƙusa, ƙafar hagu a miƙe, ya kama ɗaya bakin tiyon ya zuƙa don giyar ta taso. Ta taso da sauri fiye da yadda ya zata, ta cika masa baki.

Haka ya fara ɗanɗana ta, a durƙushe, ta bakin roba. Ya danne tiyon da babban yatsa, ya saka a tulu, giyar ta fara gangarowa, ja mai duhu, gefenta yana ɗaukar kore in haske ya taɓa. Bai haɗiye nan da nan ba. Tsami ne ya fara zuwa, mai kaifi kamar na ɓawon lemo, sannan wani ɗaci-ɗaci na gyaɗar da ta ƙone kaɗan, sannan gishiri, kamar iskar teku ta shiga katakon ta zauna. Da ya haɗiye, ɗanɗanon ya ƙi tafiya.

"Yaya?" in ji Custódio. "Padrinho, yi magana mana."

"Riƙe mini sandar nan, kada ta motsa."

"Ta yi ko ba ta yi ba?"

"Ubanka mugun mutum ne," in ji Belmiro. Ya goge ido da bayan hannu ya ce ƙurar rufi ce.

Aikin ya ɗauki lokaci, don bai yarda giyar ta faɗa tulu da ƙarfi ba, sai ta bi jikin gilashi. Ƙararrawa ta kaɗa, mata suka tafi coci, maza da yawa suka ce Allah zai gane. Tulu ya cika, ya ja wani. Da na huɗu ya kusa wuya sai ya zura sanda ya auna abin da ya rage, ya nuna wa Custódio alamar jiƙa, ya zare tiyon. Bai ƙara ko ɗigo a kan rabin da aka ba shi ba.

Ya sa aka kawo masa garwashi a kasko. Ya narka kaki, ya toshe kowane tulu, ya shafe bakin. Ya ɗauko ɗan gwangwanin farin fenti daga aljihu ya rubuta shekarar a kafaɗar gilashin, da sunan gidan.

"Kun gani?" ya ce da mutanen. "An rufe waɗannan kafin a zuba komai. Gualdino, kai ne ka fi kowa ƙina a nan. Ka gani?"

"Na gani," in ji Gualdino. "Saura wanda na zo gani."

Sabuwar giyar tana ɗakin ajiya na ƙasa. Custódio ya ce zai riƙa miƙo masa buta daga tsani, shi dai ya zuba kawai. Dona Deolinda, wadda ta dawo daga coci, ta ce hakan ma ya wadatar, hannun da ya zuba shi ne magana.

"In zan yi, in yi shi duka," in ji Belmiro.

Ya sauka, ya cika buta, ya hau da ita da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da tsani, yana jan ƙafar hagu. Ya kafa mazurari a bakin ganga. Nan ya ɗan tsaya, buta a sama. Ƙamshin tsohuwar yana fitowa ta mazurarin.

"Hannu na rawa, Belmiro?" in ji Gualdino. "Haka nawa ya yi a karon farko. Za ka saba."

Aka kwashe da dariya. Belmiro bai dube shi ba. Ya karkata butar, sabuwar giya ta zuba, fara-fara, mai warin inabin bana. Ana jin ƙararta tana faɗawa can ciki. Ya zuba har ɗigon ƙarshe, ya juya ya kama tsani.

A hawa na farko da na biyu ana ta tsokana. Wani ya ce a kira mai hoto. Wani ya ce gobe zai kawo masa tasa gangar, tunda ya buɗe sabuwar sana'a. Belmiro ya ci gaba da sauka da hawa. Rana ta hau, rufin ya ɗauki zafi, rigarsa ta manne a baya. Gwiwar ta kumbura har ana gani ta cikin wando. Sannu a hankali surutun ya mutu. Can Gualdino ya tashi ba tare da ya ce komai ba, ya sauka ya dafe gindin tsanin da hannu biyu don kada ya zame.

"Padrinho, ya isa haka," in ji Custódio. "Sauran ni zan ƙarasa. Mama ba za ta ce komai ba."

"Tulu huɗu na ɗiba."

"Ba wanda yake lissafi."

"Matsa daga hanya."

Da ya zuba butar ƙarshe ya zura sanda, jiƙar ta kai daidai inda take da safe. Ya nuna wa Custódio, ya miƙa masa mazurarin. Custódio ya karɓa, shi da samarin ƙauye suka cika sauran har baki, ana tafi, ana kiran sunan Aníbal.

Aka ci tsire da gurasa mai man tafarnuwa da soyayyen tuwon masara a ƙarƙashin rumfar inabi. Aka ɗebo daga gangar aka zagaya da kofuna, Custódio yana bin kowace ɗiba da mayarwa, yana ta hawa da sauka yana haki. Ya kawo wa Belmiro kofi da kansa. Mutane suka zuba masa ido. Belmiro ya shaƙa, ya kurɓa, ya juya ta a baki.

"Ba laifi," ya ce. "Ta biki ce. Ubanka zai so ta."

Custódio ya sumbace shi a tsakar ka, Belmiro ya ture shi.

Da la'asar Dona Deolinda ta yanke yadda za a yi da tulunan. Uku za su zauna a ɗakinta, a tsaye, bayan kabad, ba mai taɓa su sai jikoki sun yi hankali. Ɗaya kuma Belmiro ya sauka da shi Funchal, masu ɗanɗano su gani su faɗi darajarsa, don rufin gidan yana yoyo kuma damina tana tafe.

"In sun tambaye ka ko an haɗa fa?" ta ce. "Labarin yau zai kai musu."

"Sai in ce an haɗa ganga, ni na haɗa ta. Wannan kuwa an rufe shi tun kafin nan. Wanda bai yarda ba ya hau ya tambayi Gualdino."

"Kada su zo mini gida," in ji Gualdino da baki cike da nama. "Amma zan faɗa."

Custódio ya ce zai sauke tulun zuwa mota. Belmiro ya ce wanda ya sha kofi biyar ba zai taɓa shi ba. Ya naɗe tulun da kwat ɗinsa, ya ɗaure da igiya, ya goya, ya zarga igiyar a goshi irin ta masu dakon da. A wuraren da matakalar ta yi tsayi sai ya juya baya ya sauka da rarrafe, hannu a kan dutse. A mota bai yarda a sa shi a baya ba. Ya zauna a gaba ya matse shi tsakanin cinyoyinsa, ya riƙe wuyan da hannu biyu, duk kwanar da na sha sai ya harare ni.

Wannan ce fitarmu ta ƙarshe. Gwiwar ba ta sake saɓewa ba, ƙanwarsa ta zo ta tafi da shi gidanta a tsibirin Porto Santo, ni kuma aka mai da ni jigilar kwalabe zuwa tashar jiragen ruwa. Ganina da shi na ƙarshe a ƙofar gidan giyar ne, da yammacin ranar. Mai gadi ya taho da amalanke zai taimaka, Belmiro ya girgiza masa kai. Ya zuro ƙafar dama ƙasa, ya jawo ta hagu da hannu, ya duba kakin bakin tulun da yatsa ya tabbatar bai tsage ba. Sannan ya rungume tulun a ƙirji ya shiga da shi ciki, yana ɗingishi.